Maƙwabtarwa: Yadda Tarihi Ya Jera Hausawa da Yarbawa a Agege

A duk shekara idan muka zo kan darasin adon harshe, akwai wata kalmar Turanci da takan tsaya wa ɗalibanmu a maƙogwaro, mu ma malamansu ba ta ƙyale mu ba. Kalmar ita ce juxtaposition. Sauran 'yan'uwanta tuni magabatanmu a wannan fage suka ɗinka musu riguna na Hausa, rigunan kuma suka zauna musu ɗas. Muna da kamantawa da siffantawa da alamtarwa da mutuntarwa, duk ɗalibin da ya leƙa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa ta Abdulƙadir Ɗangambo ya san su. Ita kuwa wannan, kowa da sunan da yake kiranta. Wani ya ce haɗawa, wani ya ce kwatantawa, wani ya ce gwamawa, wani kuma ya haɗiye ta da Turancinta ya wuce.

Asalinta daga Latin ne, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17. Gaɓoɓi biyu aka ɗaure wuri ɗaya: na farko yana nufin dab da, na biyu yana nufin ajiyewa. Ma'anarta ke nan ba ƙari: a ajiye wani abu dab da wani. Sai dai a cikin wannan sauƙi wahalar take. Idan muka ce haɗawa, mun zarce, domin abin da aka haɗa yakan narke cikin ɗan'uwansa kamar fura da nono, alhali nan kowanne yana nan da kamanninsa. Idan muka ce kwatantawa, mun sa wa mai maganar baki, domin mai kwatance yakan fito fili ya ce wannan ya fi wancan, ko wannan kamar wancan yake. Shi kuwa mai wannan dabara ba ya cewa komai. Ajiyewa yake yi, ya koma gefe ya harɗe hannu, ya bar mai kallo ya yanke hukuncin da kansa, har ya ɗauka shi ya gano.

Malam Bahaushe ya daɗe da sanin dabarar ko da bai raɗa mata suna ba. Idan ya ce, “Ga ƙoshi ga kwanan yunwa,” ko “Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi,” babu inda ya ambaci zalunci ko takaici, amma duk mai kunne ya ji su. Malaman balaga ma sun san wani yanki nata, suna kiransa ɗibaƙi idan kalma ce da kishiyarta, kamar dare da rana, muƙabala kuma idan jeri ne ya fuskanci jeri. Amma su kishiyoyi kaɗai suka kama, ita kuwa kalmarmu ba dole sai kishiya ba. A wajejen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lef Kuleshof, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba fara'a ba fushi a cikinta, ya liƙa mata hoton kwanon miya, sa'an nan hoton gawa a makara, sa'an nan hoton wata mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka riƙa yaba gwanintar ɗan wasan, wai ya nuna yunwa, ya nuna baƙin ciki, ya nuna sha'awa. Fuskar nan kuwa ɗaya ce, maƙwabcinta kawai ake sauyawa.

Wannan ya sa mu, a namu ɗan ƙoƙari, muke ba da shawarar a kira ta maƙwabtarwa, watau mayar da abu maƙwabcin wani. Ginin kalmar ya bi sahun mutuntarwa da alamtarwa, kuma yana tuna mana abin da aka fi mantawa: akwai hannun da ya yi ajiyar. Maƙwabta ba daga sama suke faɗowa ba. Mun kuma ga cewa hanya mafi sauƙi ta gwada ƙarfin kalmar ita ce mu fitar da ita daga cikin baitoci mu kai ta wurin da aka maƙwabtar da mutane masu rai da jini, mu ga ko za ta iya ɗaukar kaya. Ba mu san wurin da ya fi Agege dacewa da wannan gwaji ba.

Tun kafin Agege

Hausawa da Yarbawa sun fara zama maƙwabta a kan takarda tun kafin su zama maƙwabta a kan titi ɗaya. Sunan nan ma na Yoruba, a rubuce-rubucen malaman Sudan ta Tsakiya aka fara cin karo da shi. Ahmad Baba na Tumbutu ya ambace shi a farkon ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo shi a Infaƙul Maisuri, mutanen daular Oyo ake nufi da shi a lokacin. Sai a ƙarni na 19 ne 'yan mishan irin su Samuel Ajayi Crowther suka shimfiɗa shi ya rufe Egba da Ijebu da Ekiti da sauransu. Ga kuma labarin Bayajida, inda aka jera Hausa Bakwai, aka jera Banza Bakwai a gefensu, aka sa Yarbawa a jeri na biyu. Wannan maƙwabtarwa ce tsantsa, kuma ba sai an faɗa mana hannun wa ya yi ta ba. Wanda ya riƙe alƙalami ba ya sa kansa a sahun banza.

Su ma Yarbawa ba su bar mu haka ba. Gambari suke ce wa Bahaushe, masana da dama kuma sun danganta sunan da Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan zuriyoyin fatake. Kowa dai ya raɗa wa ɗan'uwansa suna daga ɓangaren da ya fara gani.

A bakin teku kuwa, hannun da ya fara jera su gefe da gefe mugun hannu ne. Yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar Oyo sun cika kasuwannin bayi a farkon ƙarni na 19, Ikko kuma, watau Legas, ta zama babbar tashar lodi. A cikin jirgi ɗaya aka ɗaure Bakano da mutumin Oyo, aka sauke su a Bahiya ta ƙasar Brazil. Can aka ga abin da maƙwabtakar dole ke haifarwa. Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawayen 1807 a birnin Salvador, a babban tawayen Musulmi na 1835 kuwa Yarbawa ne a gaba, da Hausawa a cikinsu, layu da rubutun ajami da na Larabci a aljihunsu. Waɗanda ba su tsallaka tekun ba, da yawa sun tsaya a Legas a matsayin bayin gida da na gona.

Daga cikin irin waɗannan ne Kyaftin John Glover ya ɗebi mutanensa. Ingila ta karɓe Legas daga hannun Oba Dosunmu a 1861, a 1863 kuma Glover ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya na yau ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Akasarinsu bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta. Ba duka ne Hausawa ba, akwai Nufawa da Barebari da wasunsu, harshe ne ya tara su a inuwa ɗaya. Lissafin Glover a fili yake: baƙon da ba shi da dangi a gari, ba shi da kowa sai wanda ya ba shi bindiga da albashi. Da su aka je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da su aka karya Ijebu a 1892. Saboda haka hoton farko da Bature ya liƙa a gefen fuskar Bahaushe a idon mutumin kudu, hoton bindiga ne. Ba mu faɗi wannan don wanke kowa ba. Bayan shekara goma sha ɗaya da faɗuwar Ijebu, rundunar da ta tsiro daga wannan tushe, da Hausawa da Yarbawa kafaɗa da kafaɗa a cikinta, ita ce ta fasa ganuwar Kano ta kuma ci Sakkwato a 1903.

Goro da dogo

Agege kuwa labarinta daban ne, a nan ne kuma ya kamata mu ɗan zauna. Ƙasar Awori ce, wani reshe na Yarbawa, tsohon mazauninsu shi ne inda ake kira Orile Agege. Daji ne da gonaki a arewacin Legas. Abu biyu suka mayar da ita zango: ɗan itace da ƙarfe.

Ɗan itacen shi ne goro. Shekaru aru-aru Bahaushe yana cin goron da ba ya fita a ƙasarsa. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi daga Kano da kanwa da baƙin rini da fatu, madugu yana shugabanci, jagaba yana duba hanya, su ratsa Borgu su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, wata da watanni a tafe, su komo da huhunan goro a bayan jakuna. Paul Lovejoy ya yi wa wannan fatauci littafi sukutum a 1980. Yarbawa suna da nasu goron tun asali, abata suke ce masa, mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, na sadaka da bukukuwa da duba. Shi Bahaushe mai ɓari biyu yake so, wanda ke jure tafiya idan an iya lulluɓe shi da ganye ana yayyafa masa ruwa ana tsince masu tsutsa. Har gobe sunan wannan goro a bakin Bayarabe gbanja ne, wanda ba komai ba ne illa Gwanja. Sunan kasuwar da Bahaushe ke zuwa saye ya zama sunan itacen da Bayarabe ke shukawa.

Tsohuwar hanyar ta fara lalacewa bayan Turawa sun karya Asante a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa Salaga. Fatake ba su zauna makoki ba, sai suka juya ta ruwa: a yi lodi a Ankara ko Sekondi, jirgin ruwa ya sauke a Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan sabuwar hanya kafin ya koma kan gyaɗa. A daidai wannan lokaci wasu 'yan bokon Legas, Kiristoci, suka shiga dajin Agege da Ifako suna kafa manyan gonaki. Jigonsu Jacob Kehinde Coker, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓalle daga cocin Turawa suka kafa cocin 'yan Afirka a 1901, a 1907 kuma suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Koko suka fi sa wa ido, amma sun shuka gbanja, leburorin da suke ɗauka daga cikin ƙasar Yarbawa kuma idan shekara ta ƙare sukan koma gida da iri a ƙunshe. Babatunde Agiri ya bi sawun wannan yaɗuwa a bincikensa. Cikin 'yan shekaru goron da ake tafiyar watanni a nemo ya zama yana zuba a bayan Ikko.

Ƙarfen kuwa shi ne dogo. An fara shimfiɗa shi daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya ratsa ta Agege, ya isa Ibadan a 1901. Jirgi ya shiga Kano a 1911, kafin a gama gadar Jebba a 1916 kuwa da jirgin fito ake haye Kwara da taragai. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. To, ga gonar goro, ga tashar jirgi, me ya rage? Sai mai saye. Haka Bahaushe ya sauke kayansa a gefen tasha, ya kira wurin da sunan da ya saba kiran duk inda ayari ya yada kaya, watau zango, maƙwabtansa suka lanƙwasa shi da harshensu ya koma Sango.

Mu lura da hannuwan da suka yi wannan ajiya, domin ba ɗaya ba ne. Akwai Baturen da ya ja layin dogo don fitar da amfanin gona zuwa teku, bai taɓa tunanin goro ba. Akwai Kiristan da ya shuka itace yana neman kuɗin gina coci da makaranta. Akwai Ba'awore mai ƙasa da ya yanka fili ya bayar. Akwai kuma tsohuwa a Katsina ko Damagaram wadda ba ta san akwai wani gari wai shi Agege ba, ita dai ba a ɗaura auren jikarta sai an raba goro. Wani abin sha'awa shi ne, sadakar ɗaurin auren Musulmin Arewa tana cikin abin da ya rufa wa cocin Ifako asiri.

Zangon ya yi tsarinsa irin na kowane zango. Akwai maigida ko fatoma, mai saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashi. Akwai dillali mai cin la'ada, akwai masu ɗaurin huhu, waɗanda gwanintarsu ce ke raba riba da asara, akwai 'yan dako, akwai malamin allo da ladan da wanzami da mahauci. Matan Yarbawa ne ke shiga ƙauyuka su tattaro goron, su ɓare, su wanke, su kawo. Ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari. Taragun da suka hau da goro kuma sukan gangaro da shanu, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da babbar mayankar Legas ta kasance a Oko-Oba, nan gefen Agege. A sama da duk wannan aka sami Sarkin Hausawa, fadarsa ba nisa da ta Olu na Agege.

Irin zaman da aka yi

Hausa tana da sunaye ga ire-iren zaman maƙwabta. Akwai zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Akwai zaman doya da manja, ana tare a akushi ɗaya amma ba a shiga juna ba. Abin lura ne cewa wannan karin magana na biyu, da doyar da manjan duk daga kudu suka zo mana, kamar dai a can muka koyi darasin. Akwai kuma cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Wanne aka yi a Agege?

Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya ba da amsar da ta girgiza masana. An keɓe wa Hausawa Sabo a 1916, shekaru kaɗan bayan an keɓe wa mutanen kudu Sabon Gari a Kano, kamar mutum da inuwarsa a madubi. Cohen ya lura cewa Bahaushen Sabo ya fi na Kano riƙon Hausanci, a sutura da harshe da aure da shari'a. Dalilinsa kuwa na kasuwa ne. Fataucin goro da shanu bashi ne da amana tsakanin mutanen da ɗaruruwan mil suka raba, ba banki ba takarda, saboda haka dole a san wa ke ciki wa ke waje. Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950 ta raunana ikon Sarkin Sabo, sai jama'ar suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Jumma'arsu daga na Yarbawa, katangar da ta fara zubewa ta sake miƙewa da sabon tubali. Wannan shi ne abin da kowane marini ya sani: fari bai cika fari ba sai an shanya shi kusa da baƙi.

Muna ganin Cohen ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ibadan ya zauna, katanga kuma ya je nema, ita ya gani. Wanda ya saurari bakin mutane zai ji wani labarin. Bayarabe yana cewa alubosa da alafia da wahala da lemomu da ladani, masallaci kuma ya ce mosalasi, har akwai matsayar mota a Agege mai suna Mosalasi Alhaja. Mu kuma muna kunna ashana, mu duba agogo, matanmu su yafa gyale, a yi mana miyar agushi da alale, ba tare da mun tuna daga bakin wa muka tsince su ba. Kalma ba ta tsallaka katanga sai in akwai ƙofa, ba a kuma aron sunan abinci daga mutumin da ba a taɓa cin abincinsa ba. Manjan nan dai ya shiga doyar fiye da yadda karin maganar ya yarda.

Wani misalin ya fi wannan nauyi. Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori, wanda ya rayu daga 1917 zuwa 1992, ya kafa makarantarsa ta Markaz a Abeokuta a 1952, ba da daɗewa ba ya ƙaura da ita Agege, inda take har yanzu. Yana cikin manyan malaman Larabci da ƙasar Yarbawa ta haifa, ɗaya daga cikin sanannun littattafansa kuma a kan Musulunci a Nijeriya ne da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ɗalibin Hausa da ke son tarihin jihadin Sakkwato da Larabcin zamani, sau da yawa ta hannun wannan malamin Agege yake bi. Ga ɗan zangon da aka rene shi a kan cewa karatu daga Arewa yake gangarowa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne, ko da yake ba kowa ne ya so ya koye shi ba.

Kalmar “da”

A nan za mu komo kan nahawu, domin akwai wata 'yar kalma da ke ɗauke da duk wannan tarihi a kanta. Da ita muke cewa ciniki da wane, aure da wance, faɗa da wane. Ita ce ta rakiya, ita ce ta gaba. Idan aka rubuta “Hausawa da Yarbawa” aka yi shiru, ba a san wanne ake nufi ba sai an ga abin da aka ajiye a gefe. Fuskar ɗan wasan Kuleshof ke nan.

A shekarun da suka biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, abin da aka riƙa ajiyewa a gefen gawa ce. An manta, ko an so a manta, cewa a wannan zaɓe Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jihar Kano, mahaifar Tofa. Abin da ya rage a zukata shi ne sojan Arewa ya hana Bayarabe mulki, mai sayar da goro a bakin tasha kuma shi ne ɗan Arewan da hannu ke iya kaiwa gare shi. An kafa ƙungiyar OPC a 1994. A watan Yuli 1999 rikici ya tashi a Shagamu, wata tsohuwar cibiyar goro, a kan bikin Oro, da gawawwaki da 'yan gudun hijira suka isa Kano aka yi ramuwa a kan Yarbawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Nuwamban wannan shekara aka yi na Ketu da kasuwar Mile 12, a Oktoban 2000 aka yi wani a Ajegunle da wasu unguwanni, a Maris 2016 Mile 12 ta sake kamawa.

Ba mu da niyyar rage wa kowa zafin abin da ya same shi. An kashe mutane saboda harshensu da tsagen fuskarsu, wannan ba adon magana ba ne. Abin da muke cewa shi ne, idan aka tona tushen na Ketu, rigima ce a kan wa zai riƙe shugabancin kasuwa da kuɗin shigarta. Da aka tashi ba da labari sai aka ɗauke kasuwar da kuɗin, aka bar sunayen ƙabilu biyu suna kallon juna a kanun jarida. Mai kanun bai yi ƙarya ba, ajiyewa kawai ya yi ya koma gefe. Wanda ya karanta a Fagge ko a Mushin shi ya ƙarasa jimlar, wani lokaci da adda.

Akwai kuma maƙwabtarwar da ba ɗan jarida ya yi ta ba. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi suna faɗawa unguwanni, ƙararsu har Agege. Mutane fiye da 1,000 suka mutu, mafi yawansu a cikin magudanar Oke-Afa, inda suka afka da gudu cikin duhu, akasari mata da yara. Ruwan bai tambayi kowa garinsu ba, waɗanda suka shiga tsamo gawa ma ba su tambaya ba. Ba a cika mako guda ba, a farkon Fabrairu, aka wayi gari ana kashe juna a Idi-Araba a kan wata 'yar taƙaddama ta unguwa. Mun sha sa ɗalibai su ajiye waɗannan ranaku biyu gefe da gefe su rubuta abin da suka gani. Har yau ba mu sami biyu da suka rubuta abu ɗaya ba.

Agege ta yau ba ta goro ba ce kamar da. Gonakin Coker sun zama gidaje da tituna, goron ya koma can cikin jihohin Ogun da Ondo da Osun, tireloli suka karɓe lodin daga hannun jirgi. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, a shekarar kuma sabon jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara tsayawa a sabuwar tashar Agege, a 2024 jirgin cikin gari ya biyo baya. Jikokin masu ɗaurin huhu sun zama 'yan canji da direbobi da 'yan gwanjo da lauyoyi da malaman makaranta. A gefensu kuma ga sababbin zuwa, matasan da fari da Boko Haram da 'yan bindiga suka koro, masu acaba da gadi da turin baro, waɗanda ba su da fatoman da zai sauke su. Mutumin gari ba ya bambance su, duka aboki yake ce musu, kalmar da muka ba shi da hannun dama ya maido mana da ita da na hagu. Shi kuwa ɗan zango na asali yakan ji haushin a haɗa shi da ɗan ci-rani, har ya riƙa yi masa irin kallon da aka yi wa kakansa.

Daga cikin waɗannan jikoki akwai waɗanda ke zaune a azuzuwanmu. Yarbancinsu ya fi na wasu Yarbawan daɗi, Hausarsu kuma idan suka je Kano tun a tasha ake gane su, a ce 'yan Ikko ne. Tun daga tsarin mulkin 1979, wanda ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, asalin mutum a hukumance yana bin garin iyaye da kakanni ne, ba ya bin inda aka binne cibiyarsa. Wata rana wani ɗalibinmu ya kawo mana takardar neman tallafin karatu mu sa masa hannu. A layi na huɗu an tambayi wurin haihuwa, ya rubuta Agege. A layi na biyar, dab da shi, an tambayi jihar asali da ƙaramar hukuma, ya rubuta wani gari a ƙasar Katsina. Muka tambaye shi yaushe rabonsa da can. Ya ce sau ɗaya ya taɓa zuwa, shekarar da ya je karɓo takardar shaidar zama ɗan asalin wurin, kuma sai da ya kwana uku yana neman dattijon da ya tuna sunan kakansa.